KADA A YI SAURIN YAR DA TSOHON MAGAGARI

Bayan da ruwan ambaliyar shekarar 2022 ya janye daga ƙasar Haɗejiya, mun zaga waɗansu makarantu na wajen Kafin Hausa domin mu ga abin da ya yi saura na kayan aiki. A wata makaranta, wadda ba sai mun faɗi sunanta ba, malamin sito ya buɗe mana wani akwati, muka tarad da magagarai goma sha huɗu a jibge, duk sun yi ja wur da tsatsa. A littafin sito kuwa an riga an ja musu layi, an rubuta a gefe wai sun mutu, ana jiran izinin sayen sababbi. Yaran ajin sana'a sun yi wata biyu suna koyon gugar ƙarfe a jikin allo da alli, ba wanda ya taɓa riƙe abin gugar a hannunsa. Muka roƙa a ba mu aron akwatin kwana uku. Da muka komo da shi, goma sha ɗaya suna cin ƙarfe yadda ya kamata. Uku ne kaɗai suka mutu da gaske, su ma wani maƙeri ya karɓe su da murna. Abin da muka kashe bai wuce kuɗin kwalba biyu ta khal da 'yar kanwa ba.

Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wa malaman makaranta da malaman ofis bayani, gama su ne ke riƙe da littattafan kayan hukuma, kuma da alƙalaminsu a ke kashe kaya ko a raya su. Malaman ofis su lura: Turawa suna kiran magagari da sunan nan da su ke kiran fayil ɗin ajiye takardu, saboda haka in kun ga an rubuta fayil cikin jerin kayan ɗakin sana'a, to, ƙarfen nan ne mai kaushi wanda a ke gugar ƙarfe ko itace da shi.

AMFANINSA A ƘASAR FADAMA

Wanda bai zauna a ƙasar Haɗejiya ba ya iya ɗaukar magagari ƙaramin abu. Kogin Haɗejiya, wanda ke samuwa daga haɗuwar Kogin Kano da na Calawa, ya kan rarrabu in ya iso wannan yanki, Kogin Kafin Hausa ma reshensa ne. Jama'ar wurin manoma ne da masunta da makiyaya, aikinsu duka kuwa bisa kaifi ya ke tafiya. Lauje na yankan shinkafa, da adda ta sarar kacallar da ke toshe hanyoyin ruwa, da bakin garmar shanu, da gatari, da haƙoran zarto, kowannensu sai an bi shi da magagari. Mai gyaran injin ban ruwa ba ya rabuwa da shi. Masassaƙi kuwa, in ya gama fafe turmin ƙirya da gizago, ko ya fitad da allon aduwa, ko ƙotar fartanya, da magagarin itace ya ke kashe sawun gizagon kafin ya kai kasuwa. Ashe ke nan in magagari ya dakushe, sauran kaya ma sun dakushe, mai aiki kuma ya yi ta zuba ƙarfinsa a banza.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Magagari shi ke wasa kowa, amma shi ba ya wasuwa bisa dutsen washi, domin haƙoransa ɗaruruwa ne, ƙanana, kuma sun fi yawancin ƙarafa tauri. Wannan ne ya sa mutane da yawa su ke tsammani ba shi da magani. Yana da shi, sai dai kafin a yi maganin dole a san yadda aka ƙera shi.

YADDA A KE ƘERA SHI

Ƙarfen magagari yana da sinadarin gawayi, watau kabon, wajen kashi 1 cikin 100 ko fiye kaɗan. Ƙarfen ƙusa bai kai sulusin haka ba, shi ya sa ƙusa ta ke lanƙwashewa, magagari kuwa sai dai ya karye. Tun ƙarfen yana da laushi a ke sara masa haƙora. Bayan an gama a sa shi wuta har ya yi ja, a tsoma shi cikin ruwan gishiri farat ɗaya, sai ya yi tauri ƙwarai. Wutsiyarsa kaɗai, wadda ke shiga ƙota, a ke bari da laushi don kada ta ɓalle a hannu.

Haƙoran iri uku ne. Akwai mai layi ɗaya, wanda layukansa suka bi gefe guda a karkace, shi a ke wasa kaifi da shi, a kuma yi gugar ƙarshe. Akwai mai layi biyu, wanda layukansa suka gitta juna, shi ya fi cin ƙarfe da sauri. Sa'an nan akwai na itace, wanda ba layi gare shi ba, haƙoransa a tsaitsaye su ke ɗaya ɗaya kamar ƙayar bushiya, an tayad da kowanne da tsinin ƙarfe.

Masu tsofaffin kayan aiki sun san sunan Sheffield, wani gari a Ingila, gama a kan same shi a buge jikin wuƙaƙe da zartuna da magagarai. A can, shekaru aru-aru, da hannu a ke sarar haƙoran, da kurfi da guduma, layi bayan layi. Su kan aza ƙarfen bisa faifan dalma don kada haƙoran da aka riga aka sara su lalace in an juya shi, dalmar nan kuwa ta sa wa masu sana'ar ciwo mai tsanani. Leonardo da Vinci, masanin nan na Italiya wanda ya rasu a 1519, ya zana hoton injin sarar haƙoran magagari, amma sai a ƙarni na 19 injin ya karɓi aikin sosai. Kamfanin Nicholson, wanda aka kafa a garin Providence na Amurka a 1864, yana cikin waɗanda suka yi suna da haka. Duk da wannan, har yanzu akwai ƙananan maƙeru a Faransa inda a ke tayad da haƙoran magagarin itace da hannu, domin haƙoran da ba su jeru daidai da juna ba sun fi barin itace da santsi, ba sa tona masa kwari.

CUTA UKU, MAGANI UKU

Magagarin da aka ce ya mutu, ɗayan abu uku ne ya same shi. Ko dai ya toshe, ko ya dakushe, ko kuwa haƙoransa sun kakkarye. Gane su ba wuya. A fita da shi rana, a karkata shi, a duba. In tsakanin haƙoran cike ya ke da garin ƙarfe, ko dussar itace, ko tsatsa da maiƙo, to, toshewa ce. In kan haƙoran yana ƙyalli kamar an shafa azurfa, to, tsininsu ya goge, dakushewa ce ke nan, gama haƙori mai kaifi ba shi da faɗin da zai mai da hasken rana. In kuwa an ga gurabu inda haƙora suka ɓalle, ko wani fili ya yi sumul sam ba kaushi, wannan ya wuce wanki da jiƙo, sai maƙeri.

A cikin goma sha huɗun nan da muka ambata, fiye da rabi toshewa ce kawai ta dame su. Saboda haka da wanki a ke farawa kullum.

WANKI

A cire ƙota. A tafasa ruwa da sabulu ko garin wanki, a zuba magagarin ciki ya ɗan jima, domin maiƙo ya narke. Ruwan zafi ba ya cutar taurinsa. Ga magagarin itace ma ruwan zafi shi ne babban magani, gama dussar da ta cushe ta kan kumbura ta fito da kanta. Sa'an nan a bi shi da buroshin waya, ana bin yadda layukan suka kwanta, kada a gitta su. Abin da ya ƙi fita, musamman ɓarɓashin alminiyan na masu zubin tukwane, a sami guntun jan ƙarfe ko tagulla, a buge bakinsa ya yi faɗi, a riƙa tura shi bisa layukan. Nan da nan haƙoran za su sara wa jan ƙarfen nasa haƙora daidai da su, ya shiga kowane kwari ya kwaso dattin.

Akwai wata al'ada da muka gani wajen waɗansu masassaƙa, ta jefa magagari cikin wuta wai don dussar ta ƙone. Lalle dussar za ta ƙone, amma taurin ƙarfen ma ya tafi tare da ita. Ƙarfe irin wannan, da zarar zafinsa ya wuce digiri 200 sai ya fara saki, in har ya yi shuɗi, wajen digiri 300, to, ba zai ƙara cin ƙarfe yadda ya saba ba. Malamai su gargaɗi yara bisa wannan.

JIƘO CIKIN RUWAN TSAMI

In an wanke, an gwada bisa ƙusa, aka ga har yanzu yana zamewa, sai a koma ga jiƙo. Hikimar abin ita ce, ruwa mai tsami yana cin ƙarfe a hankali. Haƙorin da ya dakushe kansa ya yi faɗi. In tsami ya ci shi ta gaba, ya ci shi ta baya, sai faɗin nan ya ragu, tsini ya sake fitowa, kamar yadda ruwan kogi ke cin gaɓa ta gefe biyu har tudun da ke tsakani ya zama siriri.

Abin da ya fi dacewa da makaranta shi ne khal, wanda waɗansu ke kira binega, irin farin nan da a ke sayarwa a kantuna, mai ƙarfin tsami wajen kashi 5 cikin 100. Inda babu shi, ruwan lemun tsami ya yi, ruwan tsamiya mai kauri ma ya yi in an tace shi sosai, sai dai ya kan bar danƙo wanda dole a wanke. A sami guntun bututun roba a toshe gindinsa, ko doguwar gorar roba a yanke mata wuya. Kada a yi cikin kwanon ƙarfe, gama tsamin zai ci kwanon. A tsai da magagarin ciki, ruwan ya rufe haƙoran duka, kada biyu su jingina da juna. Lalle ne a tabbata ba sauran maiƙo, domin inda maiƙo ya ke tsami ba ya kamawa, sai aikin ya fito dabbare-dabbare.

Ba da jimawa ba za a ga 'yan kumfa suna tasowa. Iskar da ke fita cikinsu tana kama wuta, saboda haka a ajiye abin a waje cikin inuwa, nesa da murhu, kada kuma a rufe bakinsa gam. Bayan sa'a biyar ko shida a fitar, a goge baƙin da ya taru da buroshi, a taɓa da babban yatsa. Mai kaifi ya kan kama fata, ya ƙi barin yatsa ya wuce. Mai ƙananan haƙora kwana ɗaya ya kan ishe shi, mai manya da na itace su kan kai kwana biyu. Kada a manta da shi ciki har mako, gama tsamin ba ya san inda zai tsaya ba, zai cinye tsinin da ya fitar.

Da an fitar da shi, aiki na gaggawa ne, don ƙarfen da ya fito daga tsami ya kan yi tsatsa tun ana kallonsa. A ɗauraye da ruwa, a tsoma cikin ruwan kanwa, cokali biyu ko uku cikin kwalba guda, domin kanwa ita ke kashe tsami. A sake ɗauraye shi da ruwan zafi don ya bushe da sauri, a shanya a rana, a shafa masa ɗan man keken ɗinki ko kananzir.

Makanikai su kan yi wannan jiƙo da ruwan batir, kuma gaskiya ne ya fi sauri. Amma wajen sulusin ruwan batir asid ne mai ƙuna, yana cin fata da tufa, ɗigo ɗaya ya isa ya makantad da ido, wanda aka juye daga tsohon batir kuma akwai dalma cikinsa. Ba mu yarda a shigad da shi makaranta don wannan aiki ba. Babban mutum da ya ga dole sai ya yi da shi, to, ya sa tabarau da safar hannu ta roba, ya tsarma shi da ruwa mai yawa, kuma asid ɗin a ke zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba a zuba ruwa cikin asid. In an gama a kashe shi da kanwa kafin a zubar, nesa da rijiya da kududdufin da dabbobi ke sha.

Wajibi ne kuma mu faɗi iyakar wannan magani, don kada a ce mun yi alkawarin abin da ba ya yiwuwa. Jiƙo ba ya tsirad da haƙorin da ya karye. Kaifin da ya ke bayarwa bai kai na sabo daɗewa ba, kuma kowane jiƙo yana rage tsawon haƙoran, saboda haka bayan sau biyu ko uku ba sauran abin da za a fitar. Amma magagarin da zai ƙara yin zango ɗaya ko biyu a hannun yara ya fi wanda ke kwance cikin akwati ana jiran takardar izini.

A ƙasashen Turai akwai wata hanya kuma. A 1870 wani Ba'amurke, Benjamin Tilghman, ya ƙago dabarar fesa yashi da ƙarfin iska ko tururi, daga baya aka yi amfani da ita a Sheffield wajen wasa magagarai. A kan auna feshin ga bayan haƙoran, yashin ya ci bayan ya bar gaban, sai kaifi ya fito. Wannan sai mai inji, amma hikimar ɗaya ce da ta jiƙo, watau a rage jikin haƙori don tsininsa ya dawo.

RABON MAƘERI

Wanda haƙoransa suka kakkarye, kada a yar da shi a juji, gama da wuya a sami ƙarfe mai kyaunsa a kasuwar ƙauye. Maƙerin da ya ƙware ya iya sake shi. Ya kan sa shi cikin garwashin ƙirya ya zuga har ya yi ja, sa'an nan ya binne shi cikin toka mai ɗumi ya kwana, ya huce a hankali, sai ya wayi gari da laushi. Ya goge tsofaffin haƙoran, ya sara sababbi da kurfi, ya mai da shi wuta, ya tsoma cikin ruwan gishiri a tsaye, don in an tsoma shi a kwance ya kan karkace. Alamar cewa zafin ya kusa isa ita ce maganaɗiso ya daina kama ƙarfen, wajen digiri 770 ke nan. Wannan darasi ne mai kyau ga 'yan ajin kimiyya, kuma ba ya bukatar kome sai maƙera da ɗan maganaɗiso. Sake sarar haƙora ya fi sauƙi ga magagarin itace, gama haƙoransa manya ne, ba su da yawa.

In bai saku ba, ya zama wuƙa, ko kurfi, ko askar wanzami, ko ƙyastu. Sai dai a tuna, ƙarfen magagari yadda ya ke yana da gautsi. Kada a bar yaro ya ɗauke shi ya yi bugu da shi, ko ya ɓanɓare murfin akwati, domin ya kan tarwatse, ɓarɓashinsa ya faɗa ido.

RIGAKAFI

Yawancin magagaran da mu ke gani a makarantu ajiya ce ta kashe su tun aiki bai kashe su ba. A kan zuba su cikin akwati ɗaya suna gugar juna, tauri bisa tauri, kowane jijjiga haƙora suna ɓallewa. A yi musu rataya a bango, ko a naɗe kowanne cikin tsumma ko takarda. A ƙasa mai laima irin ta fadama, daga Yuni zuwa Satumba, a shafa musu ɗan mai, a ɗaga su daga ƙasa, a aza bisa kanta mai tsawo inda ruwa ba ya kaiwa ko ya shigo ɗaki. In za a yi aiki a goge man, a shafa alli bisa haƙoran, gama alli ya kan hana garin ƙarfe maƙalewa.

A koya wa yara cewa magagari a tura ya ke ci, in za a jawo shi baya a sassauta hannu. Kada a kama aiki da shi ba ƙota, domin wutsiyarsa ta kan huda tafin hannu. Sabo a fara da shi bisa tagulla da jan ƙarfe, waɗanda ba sa guguwa sai da kaifi sosai, in ya ɗan sassauta a mai da shi ga baƙin ƙarfe. Masassaƙa kuma su kakkaɓe itacen da ya kwanta cikin yashi ko taɓo kafin su aza masa magagari, gama ƙwayar yashi ta fi ƙarfen tauri, ita ke dasashe haƙoran.

ROƘONMU

Koyar da sana'a a makarantun ƙasar nan ba sabon abu ba ne. Makarantar da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. A 1982 kuma, sa'ad da aka soma tsarin ilmi na 6-3-3-4, an sayo kayan ɗakunan sana'a masu yawa daga ƙasashen waje, da dama cikinsu suka lalace cikin akwatuna ba a ko buɗe su ba. Abin da wannan ya koya mana shi ne, sayen kaya ya fi riƙon kaya sauƙi, kuma yaron da ya ga malaminsa yana yar da abin da zai gyaru, shi ma haka zai yi da kayan hukuma ran da aka ba shi mabuɗin sito.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo. Malamin sito, kafin ka ja wa magagari layi a littafi, ka kai wa malamin sana'a ya duba shi a rana, ya faɗa maka wace cuta ce cikin ukun nan. Ka buɗe gurbi a littafinka na kayan da ke jiran gyara, dabam da na waɗanda suka mutu. Malamin sana'a kuwa, ka keɓe rana ɗaya a ƙarshen kowane zango, yara su wanke magagarai, su jiƙa waɗanda suka dakushe, su rubuta sa'ar da aka sa da sa'ar da aka fitar, su gwada bisa ƙusa kafin jiƙo da bayansa. Waɗanda suka mutu a kai wa maƙerin gari da takardar shaida, a tafi da yaran su ga abin da zai yi da su. Wanda ya gwada, ko a Bulangu ya ke, ko a Auyo, ko a cikin Haɗejiya, ya rubuto wa wannan jarida abin da ya samu, ko ya yi kyau ko bai yi ba, domin sauran malamai su ƙaru. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana.